Washin Gefe Ɗaya

Ranar da Shahad ta fara ganin Muttaka, mai washi kawai ta fita nema, ko wane ne.

Sha'aban ya raba tsakiya, zafin Makka ya fara sauka. Ta fito daga tasi a Ka'akiyya, wajen da mahauta suke hada-hada, 'yarta Manar tana saɓe a kafaɗarta, ɗaya hannun kuma riƙe da ƙullin tsumma. Aka nuna mata wata rumfa a jikin bango, inda wani saurayi baƙi siriri yake duƙe a kan dutse yana wasa wuƙar yanka.

Ta yi sallama da Larabci. Ya ɗago ya dube ta, ya dubi yarinyar, sai ya amsa da Hausa.

"Sannu da rana, Hajiya. Ki shigo da ita inuwa, kanta zai yi ciwo."

"Ya aka yi ka san ni Bahaushiya ce? Fuskata ma a rufe take."

"Goyon ne. Balarabiya ba ta saɓa yaro haka."

Ta yi dariya ba ta shirya ba, ta kwance ƙullin. Wasu 'yan gajerun wuƙaƙe ne guda biyu marasa ƙota, kowace da hujin noti.

"Na injin gurza ƙanƙara ne," in ji ta. "Na Babana ne tun yana saurayi, irinsa ya ƙare a kasuwa. Shi yake wasa su da kansa, to yanzu hannunsa rawa yake. Ga azumi ya matso. Da injin nan nake ciyar da yarinyar nan, don Allah ka lallaɓa su."

"Wallah, Ummu..." Ya tsaya.

"Manar."

"Ummu Manar, za su yi kaifin da ko gashi kika ɗora sai ya rabu biyu."

Ya ba Manar dabino, ya cire mata ƙwallon tukuna. Shahad ta lura da wannan. Ta karɓi lambarsa don ta ji ranar da zai gama.

Shahad a unguwar Rusaifa ta Makka aka haife ta, a kan igama, wato takardar izinin zama, ta mahaifinta Malam Mahmudu take zaune. Ta taɓa aure. Mijin ba shi da takardu, aka kama shi tana da cikin Manar, aka mayar da shi gida. Ta jira har ta haihu, ta jira har yarinya ta fara zama. Saƙo ɗaya tak ya zo daga gare shi, na saki. Tun daga nan ta koma ɗakin ƙuruciyarta, tana gurza ƙanƙara ta taga tana zuba wa yaran unguwa zobo da tsamiya a kai, da azumi kuma ta haɗa da sobiya, abin shan da mutanen Makka suke buɗa baki da shi.

Washin kwana biyu ne, amma hirar waya ta riga shi nisa.

"Ummu Manar, wuƙa ɗaya ta kammalu. Ɗayar na ƙi gamawa, don kada ki daina tambayata."

"Maiwashi, ka ji tsoron Allah. Azumi ba zai jira ka ba."

"Ni dai zan jira ki. Yaya 'yar dabino?"

"Tana nan tana tari. Ƙura ce."

"Ki ba ta zuma da ruwan ɗumi. Kuma ki hana ta ƙanƙarar nan, ko ta yi kuka."

Shahad ta daɗe tana kallon saƙon. Tun da aka haifi Manar, babu namijin da ya taɓa tambayar tarinta in ba kakanta ba.

Bai ɓoye mata komai ba. Ya gaya mata a Makka aka haife shi, iyayensa sun zo aikin hajji suka zauna, suka rasu a nan. Ba shi da igama, ba shi da fasfo. Ƙanwar mahaifiyarsa, Inna Ɗaso, ita ta raine shi. Kano kuwa a waya kawai ya san ta.

Da ta karanta, sai da ta zauna a bakin gado. Irin ramin da ta faɗa a baya, shi ne ya sake buɗewa a gabanta. Ta ce a ranta za ta karɓi wuƙaƙenta ta goge lambar. Da safe ita ta fara gaishe shi.

Ana jibi azumi ya kawo su da kansa, cikin farar jallabiya mai karin guga. Malam Mahmudu ya karɓe shi a soro, aka fito da injin, wani tsohon ƙarfe mai abin murzawa a gefe. Shahad tana bayan labule.

Dattijon ya ɗauki wuƙa ɗaya da hannunsa mai rawa, ya juya bayanta, ya shafa da babban yatsa. Fuskarsa ta canza. Ya sa Muttaka ya ɗaura su, aka ɗora dunƙulen ƙanƙara.

"Murza."

Muttaka ya murza. Ƙanƙarar ta rinƙa zamewa a kan wuƙaƙen tana ƙara, babu abin da ya faɗo cikin kwano sai ɗigon ruwa. Ya danna da ƙarfi, ya sake murzawa. Gumi ya jiƙa masa jallabiya.

"Ammi," ya ce, yadda Larabawa suke kiran baffa, "wallah suna da kaifi. Na gwada su a gashin hannuna."

"Na sani. Rago ka zo yanka min?" Malam Mahmudu ya kwance wuƙar ya miƙa masa har kusa da hanci. "Wuƙar mahauci ake wasa wa gefe biyu. Wannan gefe ɗaya gare ta. Bayanta a shafe yake, shi yake kwanciya a jikin ƙanƙara, bakin ya ci. Ka zo ka zaftare bayan, bakin ya ɗaga sama. Me zai ci? Iska?"

"Na ga bayan ba kaifi, na ɗauka..."

"Ka ɗauka. Ka tambaya? Kana da lambar gidan nan, na san kana da ita, har ta fi ƙarfin washi. Sau ɗaya ka ce, yaya ake yi wa wannan?"

Muttaka ya sunkuyar da kai.

"Ƙarfen da ka cinye ba ya dawowa, yaro. Kuma tun da ka zo da guga a jikinka, bari in rage maka hanya. Na taɓa ba da 'yata ga wanda ba shi da takarda. Ga sakamakon can tana wasa a tsakar gida, ba ta san muryar ubanta ba. Ba zan sake ba. Halas, magana ta ƙare."

Muttaka ya naɗe wuƙaƙen a tsummansu. "Ammi, ka bar ni in tafi da su."

"Tafi da su. Ba su da amfani."

Azumin nan bai yi wa gidan daɗi ba. Shahad ta koma daka ƙanƙara a buhu da taɓarya, tana fitowa gudaji-gudaji, ba laushi. Yara suka ɗanɗana suka koma layin gaba. Sobiya ta rinƙa tsami a firji. Kafaɗarta ta riƙe, ga tarin Manar ya ƙi tafiya. Kayan sallar da ta yi niyyar ɗinka wa yarinyar, ta daina zancensu.

Duk da haka ta rubuta masa.

"Maiwashi, ban yi fushi ba. Kuskure ne. Ka yi magana."

"Habibti, ba ni da fuskar da zan yi miki magana. Na so in burge ki ne, na karya miki hannu. Ki ba ni lokaci."

A cikin goman tsakiya wani mai suna Turki ya bayyana. Ɗan abokin Malam Mahmudu ne, Bahaushe ne ta kakanni amma ɗan ƙasa, yana da shagon lemo a unguwar Shisha, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Ya ji labarin injin, ya zo da sabo fil na lantarki a bayan motarsa, ya sauke a ƙofar gida. Bai ɓoye abin da yake nufi ba, auren Shahad yake so. Mutum ne mai kirki da fara'a, kuma babu wanda zai tare shi a hanya ya ce ina takardarka.

A daidai wannan yammacin Muttaka ya shigo layin, ya zo ya tambayi dattijon abin da ya kamata ya tambaya tun farko. Ya hango motar, ya hango kwalin, ya hango Malam Mahmudu yana dafa kafaɗar Turki. Ya juya.

Daga ranar saƙonsa ya ɗauke. Shahad ta rubuta, shiru. Ta kira, ba a ɗauka ba.

"Kin gani?" in ji Malam Mahmudu wajen buɗa baki. "Wannan ko kama shi ba a yi ba ya ɓace. Har da wuƙaƙena."

Shahad ta tashi ta kwashe kwanuka. Sabon injin yana nan a soro cikin ledarsa, ta ƙi taɓa shi. Ta san ranar da ta kunna shi, ta amsa wa Turki ke nan.

Bayan salla da 'yan kwanaki wata dattijuwa ta yi sallama, ta ce ita ce Ɗaso.

"Ke ce Shahad? To zo ki ji, 'yar nan. Ni dai na gaji. Yaron nan tun farkon azumi yake goga wasu ƙarafa biyu a dutse. Na ce ga injin washi a rumfarka, ya ce inji zai zafafa ƙarfen ya kashe shi, sai da hannu, da ruwa, a hankali. Yatsunsa duk sun sale. Aikin mahauta ma ya rage karɓa. Na ce to wa kake yi wa, tun da ka ce an ba da ita? Ya ce ko an ba da ita, shi ya ɓata, shi zai gyara."

"Wa ya ce an ba da ni, Inna?"

"Ya ce ya ga inji a ƙofarku."

Shahad ta ja hannunta zuwa soro, ta nuna mata kwalin da ko tef ɗinsa ba a yanka ba. Sannan ta ɗauki hotonsa ta tura.

"Ga abin da ya hana ka magana. Ban buɗe ba, ba zan buɗe ba. Kai dai ba ka iya tambaya ba, Maiwashi. Wuƙa ba ka tambaya ba, ni ma ba ka tambaya ba."

Amsar ta zo kafin Inna Ɗaso ta gama shan shayinta.

"Ki yafe min, sanyin idona. Gobe bayan la'asar ina tafe."

"Kada ka zo. Hajji ya matso, bincike ya yi yawa a hanya. Ka ba Inna ta kawo."

"Sun rage kauri, ba za su zauna daidai ba sai na ɗaura da hannuna. Kuma ina da tambaya wajen Ammi."

Ya zo. Wannan karon babu guga, yatsunsa biyu naɗe da filasta. Ya durƙusa ya ajiye wuƙaƙen a gaban Malam Mahmudu. Bayansu ya koma shafaffe yana ɗaukar ido, sun sirance, sun ɗan gajarta.

"Ammi, na cinye bayan har zaftarewar ta ɓace. Amma yanzu bakin ba ya kaiwa ƙanƙara. Na yanko bakin gwangwani in sa a ƙarƙashi ya ɗaga su. Ban sani ba ko ta gaba ake sawa ko ta baya. Yaya ake yi?"

Dattijon ya daɗe yana kallonsa.

"Ta baya," ya ce a ƙarshe. "Siriri. Kada ka ɗaure notin gaba ɗaya sai ka gwada."

Suka duƙufa su biyu, mai rawar hannu yana nunawa, mai filasta yana ɗaurawa. Aka ɗora ƙanƙara. Malam Mahmudu ya kama abin murzawa da kansa. Injin ya yi wata 'yar ƙara mai taushi, sai ga ƙanƙara tana zubowa cikin kwano fara sol, lallausa kamar garin tuwo. Manar ta ƙwace daga bayan labule ta tsoma hannu tana ihu.

"Kaɗan, 'yar dabino," in ji Muttaka. "Tarinki."

Malam Mahmudu ya goge hannunsa a jikin riga. "Ran Juma'a ka dawo. Ban ce komai ba, ka ji? Ka dawo dai."

Shahad ta leƙa ta taga tana kallon bayansa har ya sha kwana. A babban titin da zai kai shi Ka'akiyya aka tsayar da motar da ya shiga, aka ce kowa ya fito da igamarsa.

Inna Ɗaso ce ta kawo labarin da safe, ba ko takalmin kirki a ƙafarta. An wuce da shi gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Wanda aka fitar ta wannan hanya, ƙofar Makka ta rufe masa ke nan.

Shahad ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta shiga ɗaki, ta ɗauki Manar ta rungume har yarinyar ta fara mutsu-mutsu. Sau biyu ke nan. Hanya ɗaya, mota iri ɗaya. Malam Mahmudu bai ce na gaya miki ba, kuma da ya faɗa da ya fi mata sauƙi.

Alhazai suka cika gari suka watse. Injin yana gurza kamar sabo, yara sun dawo taga, ita kuwa kowace murzawa sai ta ji ta a ƙirjinta. Wayarsa a kashe.

Turki ya dawo da maganarsa, a mutunce. Ya ce ya kama gida a Shisha, ya ce zai bi duk hanyar neman izinin aurenta daga hukuma. Da ya zo kan Manar sai ya ɗan yi jim, ya ce da Larabci mahaifiyarsa tana ganin zai fi kyau yarinyar ta zauna wajen kakanta, ai ba nisa, duk Juma'a za a kawo ta.

Shahad ta fito daga bayan labule, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Abuya, a mayar masa da injinsa. Na gode masa, Allah ya ba shi wadda ta fi ni. Amma yarinyar da ubanta ya bari, uwarta ba za ta bar ta ba, ko nan da ƙofar gida."

Bayan tafiyarsa Malam Mahmudu ya ce, "To sai yaya, ya binti? Haka za ki zauna?"

"Haka zan zauna."

Muharram ya kusa ƙarewa saƙo ya shigo daga wata baƙuwar lamba ta Najeriya.

"Ummu Manar, ni ne. Yau na samu waya. Ina Kano, wani mahauci ya ba ni wurin kwana, ina wasa musu wuƙaƙe. Garin nan kowa Hausa yake yi amma ni baƙo ne, dariyar maganata suke. Yaya tarin 'yar dabino? Idan bakin wuƙar ya dakushe, gefe ɗaya kawai, kada ki bari kowa ya taɓa bayan. Ba zan iya dawowa ba, kin sani. Kada ki jira ni. Ki auri wanda zai riƙe ku ku biyu. Ni dai ki bar ni in riƙa jin muryarta lokaci-lokaci, in Ammi ya yarda."

Sai a lokacin kukan ya zo. Ta kai wa mahaifinta wayar. Idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu, ita ta karanta masa.

Ranar a soro ya wuni. Washegari ma haka. Muttaka kuwa duk yamma sai ya kira, Manar ta karɓi wayar ta yi masa gwarancinta, dattijon yana jin su daga soro.

Ran nan bayan la'asar ya kira ta. Yana zaune gaban injin, hannunsa a kan abin murzawa.

"Idan kika bi shi Kano, kika fita da fitar ƙarshe, igamarki ta mutu. Garin da aka haife ki, sai dai ki zo shi baƙuwa, in Allah ya ba ki kuɗin umara. Ni kuma ƙila ba za ki same ni ba. Kin san wannan?"

"Na sani, Abuya."

"Can babu wanda kika sani. Wuta ma an ce ba kullum ba."

"Injin na hannu ne."

Ya yi wata gajeriyar dariya, ya share ido da gefen hiraminsa. "Wancan da ya tafi, ko waiwaye bai yi ba. Wannan ya ɓata min abu ya zauna ya gyara, ya san hanya ba lafiya ya taho. Na hana shi ke don kada a raba ku, ga shi an raba ku ban ba shi ba. Kira min shi."

Da Muttaka ya ɗauka, dattijon bai tsaya dogon gaisuwa ba.

"Na ce ka dawo ran Juma'a, ba ka dawo ba."

"Ammi, ka yi haƙuri, an..."

"Na sani. Ba ka da wata tambaya?"

Shahad ta matso kusa da wayar. Sai ga muryar Muttaka.

"Ammi, za ka ba ni Shahad? Da Manar?"

"Yanzu ka iya. Na ba ka."

A masallacin unguwa aka ɗaura, bayan sallar Juma'a. Kawu Kabo, mijin Inna Ɗaso, shi ya karɓa wa ango, wayar tana aljihunsa a buɗe don Muttaka ya ji fatiha daga Kano. Babu kiɗa, babu taro mai yawa. Shahad ta gurza wa yaran layin ƙanƙara kyauta har dunƙulen ƙarshe, sannan Malam Mahmudu ya wanke injin, ya shafa wa wuƙaƙen mai, ya naɗe shi da tsohon bargonsa.

"Ba ni da gado da katifar da zan bi ki da su," ya ce. "Ga kayan ɗakinki."

Ranar tafiya ta yi ɗawafin bankwana da Manar a kafaɗa, tana tafiya tana waiwaye. A filin jirgin Jidda dattijon ya riƙe jikarsa ya ƙi saki sai da aka yi kira na ƙarshe.

A Kano, cikin masu jiran fasinja, ta hango shi ya rame, riƙe da 'yar ledar dabino. Manar ce ta miƙa masa hannu, ya karɓe ta, ya cire ƙwallon ya ba ta.

"Sannu da zuwa, amaryata."

"Sannu da jira, Maiwashi."

Ɗaki ɗaya ne da 'yar rumfa a gabansa. A nan suka kafa injin. Muttaka ya murza, Manar ta tara kofi da hannu biyu, Shahad ta ɗaga waya don tsohon ya ji ƙarar daga Rusaifa.

Ya saurara, ya daɗe yana saurare.

"Yana ci," in ji shi. "Allah ya sa albarka a aurenku, ya raya Manar a tsakaninku, ya sa kada a sake raba ku. Muttaka, ka riƙe min su."

"Na riƙe, Ammi."

Shahad ta ce amin, ta goge fuskarta da bakin mayafi, ta karɓi kofin ta zuba wa 'yarta zobo a kai, kaɗan, saboda tarin.